Sannunku da Adalci, Harvard da Ƙawayenta

Duk ƙarshen watan Maris, manyan jami'o'in Amurka sun saba fitar da sakamakon ɗaukar ɗalibai, sannan su shelanta wa duniya, cikin alfahari, yawan 'ya'yan mutanen da suka kora. A 2022 matasa fiye da 61,000 ne suka nemi gurbi a Harvard, ta ɗauki ƙasa da 2,000, wato kashi 3 da 'yan kai cikin 100. Madalla da wannan namijin ƙoƙari! Ƙananan makarantun da ba su waye ba, da yawan yaran da suka koyar suke tinƙaho. Ku kuwa, ranku ya daɗe, darajarku tana hawa ne da yawan waɗanda kuka rufe wa ƙofa, kuma duk shekarar da korarru suka ƙaru sai an zo an yi muku barka.

Wanda ya ƙi yaba muku, hassada ce ke ɗawainiya da shi. Ku ne Harvard da Yale da Princeton da sauran 'yan ƙungiyar jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, ga ƙawayenku irin su Stanford da Duke da Chicago. Cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, takwas a Harvard ko Yale suka karanci shari'a. Kimanin ɗaya cikin huɗu na sanatocin ƙasar daga zaurukanku suka fito, alhali Amurkawan da suka taɓa zama a ajinku ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Yaron da kuka buɗe wa ƙofa yana ɗan shekara 18, kusan kun gama masa rabon duniya. Shi ya sa kuka yi wa jama'a alkawari mai daɗin ji, cewa a nan ba a tambayar ɗan wane ne, ƙwazo kawai ake dubawa. Kuka kuma kafa shaida da jarrabawar SAT, wadda makinta ke tashi daga 400 zuwa 1600, da ƙanwarta ACT mai maki 1 zuwa 36. Ɗan direban tasi da ɗan mai banki su zauna a zaure ɗaya, na'ura ta ba da maki, ita kuwa ba ta san sunan uban kowa ba. Wane adalci ya wuce wannan?

Bari mu fara da asali, tunda ba a yabon mutum ba a taɓo gidansu ba. Uban SAT shi ne Carl Brigham, malamin nazarin halayyar ɗan'adam a Princeton. A 1923 ya wallafa littafi a kan gwajin ƙwaƙwalwar da aka yi wa sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yanke hukuncin cewa mutanen arewacin Turai sun fi kowa kaifin basira, na kudu da na gabas suna biye da su, baƙar fata kuwa suna can ƙasa. Shekara uku bayan haka, a 1926, ɗalibai kimanin 8,000 suka zauna jarrabawarsa karo na farko. A 1930 Brigham ya fito ya janye maganarsa, ya ce hukuncin nan ba shi da tushe. Shi ya tuba, jarrabawa kuwa ta riga ta kama hanya. James Conant, wanda ya zama shugaban Harvard a 1933, ya ɗauke ta don zaƙulo haziƙan yara daga jihohin nesa ya ba su tallafin karatu, kuma a faɗi alheri, niyyarsa mai kyau ce. Sai dai kafin zuwansa gidan ya riga ya koyi wani darasi da bai manta ba har yau.

A farkon ƙarni na 20, duk wanda ya ci jarrabawar shiga kuma yana da kuɗin makaranta, ya shiga ke nan. Sai 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, 'ya'yan teloli da masu ƙananan kantuna a Boston da New York, suka yi rashin kunya: suka zauna suka yi karatu, suka ci. Zuwa 1922 sun haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗaliban Harvard. Hankalin shugaban jami'ar na lokacin, Lawrence Lowell, ya tashi, ya nemi a ƙayyade su kada su wuce kashi 15. Da aka yi masa ca, sai aka koma ga dabara. Takardar neman shiga ta soma tambayar addini da launin fata da inda aka haifi uba, da ko uban ya taɓa canza suna. Aka kafa kwamiti ya bi sunayen ɗalibai yana yi musu lamba: J1 ga wanda babu shakka Bayahude ne, J2 ga wanda alamu suka fi nuna haka, J3 ga wanda ake zato. Daga 1926 aka ce ba maki kaɗai za a bi ba, za a duba hali da kamala, a nemi hoto da wasiƙar shaida. Kafin Lowell ya sauka a 1933, Yahudawa sun koma wajen kashi 15 ɗin da ya nema tun farko. A shekarun nan ne kuma manyan jami'o'i suka soma fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya tono duk wannan daga ma'ajiyar takardunku, ya buga a 2005. Allah ya ƙara basira! Ba a taɓa korar mutum da ladabi irin wannan ba. Ba za a ce masa jininka ne ba ma so ba, sai a ce halinka ne bai cika ba, shi kuwa hali ba shi da makin da za a kai ƙara a kansa.

Masu surutu suna cewa ita kanta jarrabawar ta san hanyar gidan masu kuɗi. Alƙaluman da masanan cibiyar Opportunity Insights suka fitar a 2023 sun nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki ya ninka ɗan talaka sau 13 wajen samun maki 1300 ko sama da haka. To, laifin wa? Wa ya hana ɗan talaka ya zaɓi iyaye masu kuɗi? Wa ya aike shi ya bari a haife shi a unguwar da gidajenta ba su da daraja, a ƙasar da harajin gidaje ke ɗaukar babban kaso na nauyin makarantun gwamnati? An daɗe ana cewa SAT baiwa take aunawa, ba a yi mata shiri. Stanley Kaplan, wanda ya fara koyar da yara a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa a Brooklyn a 1938, ya nuna cewa ana yi, kuma yau darasin shirin jarrabawa babbar kasuwa ce. Mai kuɗi ya ɗauko malami har gida, yaro ya zauna jarrabawa sau uku ko huɗu, a tsinci mafi kyawun maki na kowane ɓangare a haɗa masa. Yarinyar da ke tashi daga makaranta ta wuce kanti tana aiki har dare, ta dawo ta tarar da ƙanne suna jiran abinci, ita ma ai ba a hana ta ɗaukar malami ba.

Amma a ce yarinyar nan ta yi abin da ba a zata ba, ta ci maki daidai da na ɗan attajiri. A nan ne gwanintarku take fitowa fili. Raj Chetty da David Deming na Harvard, da John Friedman na Brown, 'yan gida ne, babu mai cewa maƙiya suka turo su. Sun haɗa bayanan haraji da na jarrabawa da na ofisoshin ɗaukar ɗalibai, suka wallafa abin da suka gano a watan Yulin 2023. Yara biyu, maki ɗaya: ɗan gidan kashi 1 mafi arziki, wato masu samun sama da dala 611,000 a shekara, ya fi ninka ɗan matsakaicin gida wajen samun kansa a ɗaya daga cikin manyan jami'o'i 12. Ko a cikin waɗanda suka cika takardar nema kaɗai, damarsa ta ɗara da kashi 34 cikin 100. Ɗalibi ɗaya cikin shida a ajinku daga wannan ɗan ƙaramin rukuni ya fito. A manyan jami'o'in gwamnatocin jihohi ba a ga irin wannan fifiko wajen ɗauka ba. Su ba su iya karɓar manyan baƙi ba.

Kowa ya san ɗan kasuwar da ke ajiye mudu biyu a ƙarƙashin buhu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Shi a ɓoye yake yi, kuma ranar da asirinsa ya tonu sai ya bar kasuwa don kunya. Ku kun ɗora naku biyun a kan teburi, kun raɗa musu suna mai daɗi, wai duban ɗalibi ta kowace fuska, duniya kuma tana tafa muku.

Masanan sun gano hanyoyi uku da fifikon ke bi: gadon gurbi ga 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ɗaukar 'yan wasa, da makin da ake bayarwa a kan abubuwan da ba na karatu ba. Suka kuma bi sawun ɗaliban bayan kammala digiri, suka tarar cewa ukun nan ba sa nuna wanda zai yi fice a rayuwa, makin jarrabawa da ƙwazon aji su ke nunawa. Ana yawan cewa ɗan tsohon ɗalibi ai basira ya gada. Sai ga shi in ya nemi wata babbar jami'ar da ubansa bai yi ba, fifikon kusan ɓacewa yake yi. Basira ce mai biyayya, ba ta aiki sai a makarantar baba.

Da ba mu san abin da ke gudana a cikin ofis ba, ba don ƙarar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta shigar a kan Harvard a 2014 ba, a madadin ɗalibai 'yan asalin Asiya. A kotun tarayya ta Boston, a 2018, aka baje takardu. Ashe kowane mai nema ana ba shi maki daga 1 zuwa 6 a fannin karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da hali. A ƙarƙashin hali ana duba farin jini da kirki da jarumta da ko mutane suna ganin girmansa. 'Yan asalin Asiya sun fi kowa maki a karatu, sun kuma fi kowa faɗuwa a hali. Masu ƙara sun nuna cewa tsofaffin ɗaliban da suka zauna da yaran ido da ido sun ba su makin hali kusan daidai da na fararen fata. Jami'an ofis, waɗanda galibi ba su taɓa ganin yaran ba, su ne suka gano ƙarancin kirkinsu. Wannan ai karama ce ta waliyyai, a hango rashin jarumtar yaro daga cikin fayil! Wani binciken cikin gida na 2013 ya nuna cewa da karatu kaɗai ake bi, da yawan 'yan Asiya a aji ya ninka. Mai shari'a Allison Burroughs ta yanke hukunci a 2019 cewa babu wariya da gangan, ta wanke Harvard. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ranar 29 ga Yunin 2023 ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ɗan taimakon da ake yi wa baƙar fata, jikokin waɗanda aka bautar, ya tafi ke nan. Taimakon da ake yi wa jikokin masu gida kuwa, kotun ba ta taɓa shi ba.

Kuma taimako ne mai auki. Peter Arcidiacono na Duke, wanda ya ba da shaida a ɓangaren masu ƙara, ya lissafa shi da abokan aikinsa daga takardun kotun. Kashi 43 cikin 100 na fararen fatar da Harvard ta ɗauka sun fito ne daga rukuni huɗu: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikata, da waɗanda sunansu ke cikin jerin musamman na shugaban ofis, inda 'ya'yan masu ba da gudummawa suke zama. Kimanin uku cikin huɗu na waɗannan da ba su shiga ba in an auna su kamar kowa. Ɗan tsohon ɗalibi damarsa ɗaya ce cikin uku, ta sauran jama'a kimanin 6 cikin 100. Ɗan wasan da koci ya nuna da yatsa kuwa, tasa ta haura 80 cikin 100.

Kada mai karatu ya zaci ƙwallon kwandon da yaran unguwa ke bugawa a fili kaɗai ake nufi. Harvard tana da ƙungiyoyin wasa 42, ciki har da sukwash da wasan takobi da tseren kwale-kwale da tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska da gudu a kan ƙanƙara. Wasanni ne da sai uba yana da kuɗin kulob da na koci da na tafiye-tafiye kafin ɗansa ya san yadda ake riƙe kayansu. An kuma karanta a kotu wata wasiƙa ta 2013 da shugaban wata tsangayar Harvard ya aika wa shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai, yana kiran sa gwarzonsa saboda yaran da ya ɗauka, yana ambata cewa wani mai alaƙa da lamarin ya riga ya yi alkawarin gini. Godiya ai halin 'ya'yan halas ce.

Sai wani marar kunya ya zo ya nemi ya ɓata muku suna. Ranar 12 ga Maris 2019, masu gabatar da ƙara a Boston suka tuhumi mutum 50 a badaƙalar Rick Singer, mai ba iyaye shawara kan neman jami'a, wanda ya karɓi kimanin dala miliyan 25. Ga yadda ake yi. A samo takardar likita cewa yaro yana da matsalar koyo, a ba shi ƙarin lokaci da ɗaki shi kaɗai. A kai shi wata cibiya a Houston ko West Hollywood, inda aka riga aka sayi mai kula da jarrabawa. Sai Mark Riddell, wanda shi ma a Harvard ya yi digiri, ya sauko daga jirgi ya zauna a matsayin mai sa ido. Yaro ya gama ya fita, Riddell ya jawo takarda ya gyara amsoshi ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin makin da zai fito kada ya yi yawan da za a yi zargi. Dala 10,000 ne ladansa a kan kowace takarda. Wasu yaran har gida suka koma suna murna sun yi ƙoƙari. 'Yar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000, 'yarta ta samu 1420, ita kuma uwar aka yanke mata kwana 14 a kurkuku. Wata 'yar fim ɗin, Lori Loughlin, da mijinta suka biya dala 500,000 don a shigar da 'ya'yansu mata biyu Jami'ar Kudancin California a matsayin 'yan tseren kwale-kwale, aka ɗauke su hoto a kan injin motsa jiki, alhali ba wasan suke yi ba. Wasu kuma a kwamfuta aka yanko kawunansu aka ɗora a jikin 'yan wasa na gaske.

Singer ya yi wa kotu bayani dalla-dalla, ya ce ƙofa uku ce. Ta gaba, yaro ya shiga da ƙoƙarinsa. Ta baya, uba ya ba jami'a gudummawa, amma ta ninka tsada sau goma kuma babu tabbas. Shi kuwa ya huda ta gefe, mai rangwame, mai tabbas. A 2023 aka yanke masa shekara uku da rabi. A takardun shari'a, jami'o'in su ne waɗanda aka zalunta. Kuma lallai an zalunce ku, ranku ya daɗe. Mutum ya zo bakin ƙofarku ya karya farashi, kuɗin kuma bai biyo ta hanyar da kuka tsara ba. Wanda ya ba da dubu ɗari biyar ta gefe ya kwana a kurkuku. Wanda ya ba da miliyoyi ta baya, an rubuta sunansa a jikin gini, gwamnati kuma ta rage masa haraji.

Da annobar korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa a 2020, sai tausayi ya kama ku, kuka ce kawo maki ya zama ganin dama, abin da kwalejin Bowdoin ta fara tun 1969. Cikin shekara guda masu neman Harvard suka tashi daga kimanin 40,000 zuwa sama da 57,000. Kujeru ba su ƙaru ba, korarru suka ƙaru, daraja ta ƙaru. Me ya cike gurbin maki? Rubutun bayyana kai, da wasiƙun malamai, da jerin ayyukan sa-kai. Ɗan masu kuɗi ya tafi hutu wata ƙasa mai fama da talauci, ya ɗauki hoto da marayu, ya dawo mai ba da shawarar da ake biya ya gyara masa labarin. Malamar da ke kula da ɗaruruwan ɗalibai a makarantar gwamnati kuwa, da ƙyar ta tuna fuskar yarinyar da za ta rubuta wa wasiƙa. Wani nazari da masana a Stanford suka fitar a 2021, kan rubuce-rubucen mutum 60,000 masu neman Jami'ar California, ya nuna cewa abin da yaro ya rubuta ya fi makin SAT bin arzikin gidansu.

Jami'ar MIT, wadda ba ta yin gadon gurbi, ta dawo da jarrabawa a watan Maris 2022, ta ce tana taimaka mata gano haziƙan yara daga makarantun da ba su da gata. Dartmouth ta sa malamanta suka duba, suka tarar akwai 'ya'yan talakawa da suka ci wajen 1400 suka ɓoye makin, don sun ga na wasu ya haura 1500. Da sun nuna, da ya taimake su, domin 1400 daga makarantar da yawancin ɗalibanta ba sa kaiwa ko kusa da haka shaida ce ta gaske. A Fabrairun 2024 Dartmouth ta dawo da neman maki, Yale ta biyo baya, Brown a Maris, Harvard a Afrilu. Sannunku da hangen nesa! Kun soke jarrabawa don talaka, kun dawo da ita don talaka, kuma a tsawon shekarun nan huɗu, da jarrabawa da babu, ɗan tsohon ɗalibi bai taɓa rasa fifikonsa ba ko na kwana ɗaya.

Kada a manta da kyauta. Asusun ajiyar Harvard ya haura dala biliyan 50, ya fi kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Najeriya na 2025. Daga 2025, iyalin da ke samun ƙasa da dala 100,000 ba ya biyan ko sisi, har abinci da makwanci. Alheri ne babba ga wanda ya samu shiga. Sai dai ajin kowace shekara yana nan wajen mutum 1,650 shekara da shekaru, dukiya tana ninkuwa, kujera tana tsaye. Binciken da aka fitar a 2017 ya nuna cewa a jami'o'i 38, ciki har da Yale da Princeton da Dartmouth da Brown da Pennsylvania, 'ya'yan kashi 1 na sama sun fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa gaba ɗayansu yawa. Kyautar tana nan a ajiye, masu karɓa ne aka tsayar a waje.

Yabo ya ƙare a nan. SAT ba tsarkakakkiya ba ce, asalinta ma abin kunya ne, kuma tazarar maki tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka gaskiya ce. An gina tazarar ne tun yaro bai shiga firamare ba, gyaranta kuma yana wajen abinci da asibiti da makarantar unguwa. Amma cikin duk ma'aunan da jami'o'in nan ke riƙe da su, maki ne kaɗai yaro zai iya gani da idonsa, ya yi masa shiri a ɗakin karatu na gwamnati, ya ɗaga shi ya ce ga nawa, ina na wancan? Tarihin shekara ɗari ya nuna abu ɗaya: duk lokacin da 'ya'yan da ba a so suka ci jarrabawa, sai a ƙirƙiro wani ma'aunin da ba a gani. An yi wa Yahudawa, alƙaluma sun nuna 'yan Asiya sun ɗanɗana irinsa, ɗan talaka kuwa, kowane launi ne, kullum a cikinsa yake.

Gyaran ba wuya gare shi ba, son yi ne babu. Johns Hopkins ta daina gadon gurbi a 2014. Tsakanin 2009 da 2019 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a ajinta suka sauka daga kashi 12.5 zuwa 3.5, 'ya'yan talakawa masu samun tallafin gwamnati suka ninka, jami'ar kuma ba ta rushe ba. Amherst ta bi sahu a 2021. Jihohin Colorado da Virginia da Maryland da California sun kafa doka a kan lamarin. Abin da ya rage wa sauran a bayyane yake: su rufe ƙofar gado da ta gudummawa, su rage gurbin wasannin masu kuɗi, su karanta makin kowane yaro tare da halin makarantar da ya fito, su ƙara kujeru, su kuma buga alƙaluman ɗaukarsu kowa ya gani, ba sai kotu ta tilasta musu ba.

Maganar ta shafe mu, domin 'yan Najeriya kimanin 20,000 suna karatu a Amurka, kuma kowace shekara akwai iyayen da ke matse bakin aljihu don ɗansu ya zauna SAT. Uban da 'yarsa ta ci maki mai yawa aka aiko mata da wasiƙar haƙuri, kada ya bari ta ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta gaza. Wasu kujerun an riga an raba su tun kafin ta cika takarda. Idan kuma wata rana aka zo mana da zancen duban ɗalibi ta kowace fuska a jami'o'inmu, mu da muka san alfarma ciki da waje, mu fara tambaya wa zai riƙe alƙalamin, kuma wa zai duba abin da ya rubuta. Jami'ar da ta ajiye wa ɗan mai gida kujera tun kafin a raba takardar jarrabawa ba ta da bakin yi wa kowa wa'azin cancanta.